Abokin aikina ya ce in rushe zanen jirgina

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, kaina ya kulle. Ni da abokina muke haɗa ɗan gajeren katun a kwamfuta, labarin 'yan sama jannati. Tun muna firamare muke tare, ko ɗinkin Sallah tela ɗaya muke kai wa, kuma mahaifiyarsa ce ta ranta mini kuɗin kwamfutar. Wata huɗu ina zana jirgin: dogo siriri, injina a baya, mazaunin matuƙi a goshi. Jiya ya dube shi ya ce ya taɓa ganin irinsa, in mai da shi kamar faifai. Saura sati uku. In yarda?

Kawu: Ƙanena, yarda kawai. Jirgin Millennium Falcon na fim ɗin Star Wars, 1977, da farko dogo ne irin naka. Aka lura ya yi kama da Eagle na shirin Space: 1999, aka sake shi cikin gaggawa ya koma faifai, matuƙi a gefe guda. Dogon kuma bai tafi a banza ba, shi aka gyara ya zama jirgin Gimbiya Leia da ake fatattaka a buɗewar fim ɗin.

'Yar Zariya: Sati uku kafin me? Gasa ce ko mai kuɗi ke jira?

Mai tambaya: Kawu, su ai ma'aikata gare su. Ni kaɗai ne, ga wuta sai ta ga dama. Kuma nawa bai yi kama da na kowa ba.

Mai fenti: Kada ka yarda. Jirgin Nostromo na fim ɗin Alien, 1979, ruwan ɗorawa aka fara yi masa, darakta Ridley Scott ya sa aka shafe shi da ruwan toka. Zanen Chris Foss masu kala ma ba su shiga ba, har gobe ina jin haushi. Ni ma wani ya sa na sake masa tambarin shago sau shida, ƙarshe ya ɗauki na farkon, cikon kuɗina kuwa shiru.

Kawu: Tokar ce ta sa jirgin ya ba da tsoro, malam. Ko jirgin Enterprise na shirin Star Trek, mai zanensa Matt Jefferies sai da ya gwada ƙwallo a gaba kafin ya tsaya kan faifai. Zanen farko daftari ne, ka daina riƙe shi kamar ɗan fari.

'Yar Zariya: To ka turo hoton mana mu gani.

Mai tambaya: Ba zan iya ba, kada a sace. Kuma ku gane, tsawon yana da dalili: injin zafi gare shi, dole ya yi nisa da mutane.

Kawu: Mai kallo siffa yake tunawa, ba dalili ba.

Mai fenti: Ka fara biyan Hajiya kuɗinta tukuna, sannan ku yi musu.

Mai tambaya: Ba maganar kuɗi na kawo ba. Yanzu ma ya kira, ban ɗauka ba.