Na yi gyangyaɗi a gaban Sakramenti Mai Tsarki, ko na yi laifi?

Maman Tagwaye, Tumfure, Gombe:

Salama gare ku 'yan'uwa. Tambaya gare ni, don Allah kada a yi mini dariya. Atamfa da leshi nake sayarwa a babbar kasuwar Gombe. Tun da maigidana ya rasu bara barci ya ƙaurace mini, ina kwanciya sai lissafin kuɗin makaranta da zubin adashe su yi ta kai-kawo a kaina har asuba. Da na je asibiti aka ce hawan jini ne, aka ɗora ni kan magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya.

Wata ƙawata a Zumuntar Mata ce ta matsa mini in riƙa zuwa adoreshon, wato zaman sujada a gaban Sakramenti Mai Tsarki, ran Alhamis da yamma. Tun ina yarinya nake zuwa Misa, amma ban taɓa zama awa guda cur a gaban Sakramenti ba sai makon jiya. Fada ya sa Jikin Yesu cikin abin nan na zinariya mai kama da rana, ya ɗora a bagadi, aka yi waƙa ɗaya, coci ya yi tsit. Na ɗauko carbina, ban kai rabi ba hankalina ya tafi wurin wata da ta ci bashin turmi uku tun Ista. Daga nan ban san inda kaina yake ba sai da ƙararrawar albarka ta tashe ni. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin mamaki, daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

To laifi na yi? Me ake yi a cikin awar nan? Sannan ƙawar tawa ta ce tun da ta fara zuwa ta ajiye nata maganin hawan jinin, wai Yesu ya warkar da ita. In bi sahunta?

Tsohon Katikis, Yelwa, Bauchi:

'Yata, sannu da haƙuri, Allah ya ba maigida hutawa ta har abada. Ba ki yi laifi ba. Wannan awa da kike gani, daga gonar Gatsemani ta samo asali, inda Yesu ya tarar da Bitrus da Yakubu da Yohanna suna sharar barci, ya tambayi Bitrus ko ba za su iya zama a faɗake tare da shi ko da sa'a ɗaya ba. Ki duba Matiyu 26:40. Manzanni ma barcin ya ci su, kuma bai kore su ba. Tsarkakakkiya Teresa ta Yaro Yesu, wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, ita ma ta sha gyangyaɗi a wurin addu'a, ta kuma ce yara suna faranta wa iyayensu rai ko suna barci ko idonsu biyu. Ke mai tagwaye kin fi ni sanin haka.

Abin da ya sa muke durƙusawa shi ne bangaskiyarmu cewa bayan Fada ya tsarkake gurasa a Misa, Yesu ne kansa yake nan, kuma ba ya tashi don an gama Misa. Shi ya sa fitila take ci dare da rana kusa da tabanakul, akwatin da ake ajiye Sakramenti a ciki, shi ya sa kuma ba a barin Sakramenti shi kaɗai in an fito da shi. Paparoma Urban na huɗu ne ya kafa wa dukan Ikilisiya idin Jiki da Jinin Kristi a 1264. Zaɓen Alhamis kuwa don a ranar ne Yesu ya kafa Yukaris, wato wannan Sakramenti, a daren ne kuma ya sha azabar Gatsemani.

Me za ki yi? Kada ki cika awar da surutu. A garin Ars na Faransa akwai wani manomi da yake zama a coci bakinsa a rufe, da Fadan garin, tsarkakakke Yohanna Vianney, ya tambaye shi me yake yi, sai ya ce yana kallon Yesu ne, Yesu kuma yana kallonsa. Ni tun zamanin marigayi Bishop John Moore nake zuwa, kuma har gobe tunanin gona yana biyo ni. In mai bashin nan ta faɗo miki a rai, kada ki yi kokawa da tunanin, ki miƙa ta gare shi da sunanta, har da turmi ukun. Babbar ribar da na gani a kaina ita ce fushina ya ragu, zuwa furta zunubi kuma ya daina yi mini nauyi.

Anti Nas, Kaltungo:

Yaya, a kan maganar magani na shigo. Kada ki ajiye. Ki kuma roƙi ƙawar taki ta je a auna ta cikin makon nan. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana jin garau alhali ya haura 140 bisa 90, sai dai a ji shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Amfanin jiki akwai shi, ban musa ba. In mutum ya zauna shiru, numfashinsa yakan lafa, bugun zuciya ya sauka, wuya da kafaɗu su saki. Dalilin ke nan da muke sa mutum ya huta minti biyar kafin mu ɗaura masa abin awo. Barcin da kika samu ma yana taimakon hawan jini. Amma saukar ta ɗan lokaci ce, ba ta maye gurbin ƙwaya. Allah yana warkarwa, ni ma na gaskata, sai dai in ya warkar awo zai nuna, likita ne kuma zai ce a rage. In gwiwa tana damunki ki zauna kan benci, ba dole ne ki durƙusa awar duka ba.

Ɗan Kwaya, Wunti, Bauchi:

Baba Katikis, a gafarce ni, amma kada mutane su ji wannan su mai da coci ɗakin kwana. Wanda barci ya sace daban yake da wanda ya zo da niyyar mimmiƙewa ƙarƙashin fanka. Mama, ki matsa bencin gaba inda za ki riƙa ganin Sakramenti sosai, ki riƙe Littafi Mai Tsarki, in ido ya fara nauyi ki karanta Yohanna sura 6 a hankali. Ni abin da ya fi yi mini wuya kashe waya ne, minti goman farko hannuna sai ya yi ta laluben aljihu. Labarin Carlo Acutis ne ya ja ni, yaron Italiya mai son kwamfuta da ya rasu a 2006 yana da shekara 15, aka ayyana shi tsarkakakke a Satumban 2025. Akwai ma cocin Zuciya Mai Tsarki a birnin Paris da ake wannan sujada ba yankewa tun 1885. Ki shirya wa zagayen idin Kristi Sarki a Nuwamba, lokacin da muke fita da Sakramenti kan titi tunda damina ta wuce.

Maman Tagwaye, Tumfure, Gombe:

Na gode ƙwarai, Baba, hankalina ya kwanta. Anti, na ji, ƙwayata tana nan kusa da buroshin haƙori don kada in manta, ƙawar tawa kuma gobe zan ja ta mu je awo tare ko tana so ko ba ta so. Ɗana, bencin gaba dai da kunya, amma zan gwada. Alhamis ɗin nan zan rufe shago da wuri. Mai turmi uku kuwa zan kai sunanta gaban Yesu kamar yadda Baba ya ce, ran Asabar kuma in aika tagwaye gidanta su tuna mata.