Baibanam ko curin ƙamshi? Neman suna ga wani itacen fure

1/ Salamu alaikum 'yan uwa masu fassara da masu sha'awar shuke-shuke. Ga wani itace da ba shi da suna a bakinmu: viburnum. Masu gida a Ingila da Amurka suna dasa shi a bakin ƙofa saboda ƙamshin furensa, kuma Bahaushen da ya yi zaman can wataƙila ya sha shaƙarsa a watan Afrilu bai san daga ina yake fitowa ba. Na tattara sunayen Hausa da kuka kawo don a raɗa masa, zan bi su in faɗi inda na tsaya.

2/ Kafin a raɗa suna, a fara ganin jinjirin. Viburnum dangi ne mai iri fiye da 150, yawancinsu a ƙasashen sanyi. A Afirka ba a samunsa a daji sai can arewa, wajen duwatsun Atlas. Wanda ya jawo maganar nan shi ne Viburnum carlesii, ɗan asalin Koriya da tsibirin Tsushima na Japan. Sunan ya fito daga William Richard Carles, jami'in jakadancin Birtaniya a Koriya, kuma masanin tsirrai William Hemsley ne ya sa masa shi a 1888.

3/ Ba ya yin gangar jiki ɗaya. Rassa yake fitarwa tun daga gindi kamar lalle, tsayinsa mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Kafin furen ya buɗe ja-ja ne, in ya buɗe ya koma fari, ƙanana-ƙanana sun cure wuri ɗaya, faɗin kowane curi santimita 5 zuwa 8. Ƙamshin kuwa na kanumfari ne da ɗan zaƙi-zaƙi, iska na kai shi nesa. Da kaka ganyen ya yi ja ya zube.

4/ Shawarar farko: a ari sunan kawai. Ba mu da harafin v, shi ya sa muke cewa talabijin da bidiyo. In an bi yadda Turawa ke furta shi, baibanam zai fito. In an bi rubutu, biburnum. Na fi son baibanam, ya fi sauƙi a harshe, kuma yawancin kalmomin aro da kunne suka shigo mana.

Na karɓe shi, amma a matsayin sunan dangin gaba ɗaya. Dalili kuwa ba duk 'yan gidan ne ke da ƙamshi ba. A cikinsu akwai kalina mai jajayen 'ya'ya da mutanen Yukren suka ɗauka ɗaya daga cikin alamomin ƙasarsu. Akwai wanda aka yi kyauron kibiyoyin mutumin nan Ötzi da shi, wanda aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙarar duwatsun Alps a 1991 bayan shekara fiye da 5,000. Duk sunan da aka gina kan ƙamshi ba zai rufe waɗannan ba.

5/ Wani malami ya ce furen kanumfari, wata baiwar Allah ta ce kanumfarin Koriya. Hajiya, tsarin naki na Hausa ne tsantsa, haka muka samu dankalin Turawa. Sai dai akwai tarko. Shi kanumfarin da muke jefawa a zoɓo ai fure ne da kansa: kan fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe aka shanya, na wata bishiya 'yar asalin tsibiran Maluku na Indunusiya, wadda ake nomawa sosai a Zanzibar da Pemba. To in ka ce furen kanumfari, me mai sauraro zai ɗauka? Kuma duk sunan da ya fara da kanumfari, ƙarshensa tukunya. Wannan itacen na ado ne, ba kayan yaji ba, ba shi da dangantaka da kanumfari sai kamar ƙamshi.

6/ Dunƙulen ƙanƙara ban daɗe a kansa ba. Laƙabin Turanci ne aka juyo, kuma wanda ya fi shahara da laƙabin nan wani baibanam ne daban, mai manyan fararen curi marasa ƙamshin kirki. Mu kuma ƙanƙara ko ta firji ce ko wadda ke ɓarnar gona.

7/ Inda na tsaya: curin ƙamshi. Ya faɗi abu biyu da ido da hanci za su fara kamawa, siffar furen da ƙamshinsa, kuma yana kan hanyar da muka bi muka ce dogon yaro da bishiyar turare. Wasu sun ce dunƙule ya fi curi sanuwa. Gaskiya ne, amma ku duba masu rubuta girke-girke: yau in an ce dunƙule, magi ake nufi. Dunƙulen ƙamshi zai sake mai da mu kicin.

Wata fa'idar kuma, sunan yana karɓar ƙari. Daga na Koriya aka yi aure da wasu 'yan dangin aka fitar da sababbin iri, kowanne da sunan wanda ya fitar da shi: na Judd a lambun Arnold da ke Boston a 1920, na Burkwood a Kingston kusa da Landan a 1924. Sai mu ce curin ƙamshi na Koriya, na Judd, na Burkwood, ba sai an ƙirƙiro wa kowa sabon suna ba.

8/ Ba a sanin kalma ta zauna sai an sa ta aiki. Ku karanta wannan da ƙarfi:

A dasa curin ƙamshi inda rana ke samunsa, ko da ɗan inuwa da yamma, a ƙasa mai danshi wadda ruwa ba ya kwanciya. Ramin ya ninka tushen faɗi, amma kada ya fi shi zurfi. A rufe gindin da ɓawon itace don ya riƙe laima, a dinga ban ruwa a shekarar farko. Babban kuskure shi ne lokacin aski. Curin ƙamshi yana ɗaura kan furen baɗi tun bana, a jikin rassan da suka riga suka fito, saboda haka wanda ya rage shi da kaka ko hunturu furen ya sare da hannunsa. A jira ya gama fure, nan take a rage abin da za a rage. Mai son ya yi 'ya'ya sosai, ja da farko sannan su koma baƙi, sai ya dasa wani irin kusa da shi.

Ni dai ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba.

9/ Masu tambaya ko zai yi a Kano ko Damagaram: ban ba ku shawara ba. Itace ne da ke jure sanyin digiri 25 ƙasa da sifili, kuma sai ya sha sanyin hunturu na watanni kafin ya yi fure. Afrilun da yake buɗewa a can, a nan zafi na haura digiri 40. Don haka in kun rubuta cewa yana fure da bazara, ku ƙara da cewa bazarar ƙasashen sanyi, kada a ɗauka tamu ce.

10/ Ga yadda zan shigar da su a jerin kalmomin da nake tarawa. Baibanam: namiji, sunan dangin duka. Curin ƙamshi: namiji, ire-iren baibanam masu curin fure mai ƙamshi, jam'i, itatuwan curin ƙamshi. 'Yan uwa na Sakkwato, Maradi da Kumasi, in curi na da wata ma'ana a wajenku da za ta ɓata wannan, ku faɗa kafin in rufe shafin.