Maƙwabtanmu 'yan ƙasar waje sun gayyace mu gashin nama

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Legas, mun kama haya a Ilupeju. Gidan namu akwai Indiyawa, da wani ɗan Labanan da iyalinsa, da 'yan Filifin biyu. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata sukan fito da murhu tsakar gida, kowa ya kawo nasa a gasa a ci tare. Matar Ba'indiyen ta zo har ƙofa ta gayyace mu, mutuniyar kirki, ita ta nuna min inda zan riƙa cika tukunyar gas. Damuwata ita ce raga ɗaya suke amfani da ita, na ga naman alade a kai, kuma akwai giya. Yara kuwa da sun ji ƙanshi sai su maƙale a taga. Ba na son a ce Hausawan nan girman kai gare su, ba na kuma son abin da zai taɓa min addini. Yaya zan yi?

Hajiya daga Agege: Wa alaikumus salam 'yata. Ki je, amma da murhunki da ragarki. Ki samu matar tun kafin ranar ki ce mata ku ba kwa cin abin da ya taɓa alade. Ba'indiya ce fa, ta fi kowa sanin hanin abinci, su ma da yawansu ba sa cin naman sa, wasu ko ƙwai ba sa taɓawa. Mu da muka tsufa cikin Yarbawa haka muke zaune lafiya, kowa ya san iyakar kowa.

Wani mahauci, Oko-Oba: Hajiya ta faɗi gaskiya. Kada ki ce za ki ɗora taki ragar a kan wutarsu, kitse yana ɗiga cikin garwashi, hayaƙin ya taso ya kama naman. Wuta daban, wuƙa daban, faranti daban. Ki sa Alhaji ya zo mayanka da sassafe ya sayi cinyar rago, a bar naman sa saboda Indiyawan. A yanka shi fale-fale, a shafe da man gyaɗa, a barbaɗe da yajin ƙuli-ƙuli mai citta da masoro da kanumfari, barkono kaɗan. A bari gawayi ya gama ci ya zama garwashi kafin a jera tsinke, in ba haka ba waje ya ƙone ciki ɗanye. Ki kuma gaya musu akwai gyaɗa a yajin, wasu jikinsu ba ya ɗaukarta, har asibiti takan kai su.

Wani ɗan'uwa: Ni dai ban ga dalilin zuwa ba. Wurin da ake shan giya me zai kai matar aure da yara? Ki aika musu da kwanon tsire, an wuce wurin.

Malam daga Idi-Araba: Ɗan'uwa, maganarka da ƙamshin gaskiya, domin hadisi ya hana zama a kan teburin da ake shan giya. Amma haƙƙin maƙwabci bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba. Annabi (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin masu gado. Malama, ku fita bayan la'asar tare da maigida, ku shimfiɗa tabarmarku gefe, ku ci, ku ba su naku su ɗanɗana, ku tashi kafin magariba. In an fara fito da kwalabe tun kuna nan, ku yi musu sallama cikin mutunci.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Malam, to idan ɗan Labanan ɗin ya miƙo wa yara nasa naman fa? Larabci yake yi, amma ban san addininsa ba.

Malam daga Idi-Araba: Labanan akwai Musulmi akwai Kiristoci masu yawa, don haka maigida ya tambaye shi inda yake sayen nama. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, sai dai in an gasa shi a ragar da aka gasa alade ba a wanke ba, a bar shi. Ku ja kunnen yaran tun daga ɗaki, kada su karɓi komai sai daga hannunku.