Ƙanena mawaƙi ne mai jita, ta ina zai fara?

Tambaya daga Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana tsara waƙoƙinsa da Hausa, yana kaɗa jita a ƙofar gida har yatsunsa sun yi kanta, amma bayan maƙwabta babu wanda ya san shi. Ta ina zai fara?

Amsa daga Nima, Akra:
Wa'alaikumus salam, Yaya. Ya saurari Koo Nimo na nan Kumasinku, wanda ya shekara da shekaru yana ba da labarai da harshen Twi a kan jita marar lantarki, ya lura da yadda kiɗan ke sassautawa domin magana ta fito.

Amsa daga Asawase:
Malam, kafin waƙarsa ta shiga rediyo ya yi rajista da GHAMRO, wato ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta Gana, domin ita ke karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu.