Wa ya taɓa jinyar kumburin fankiriyas a ƙasar Sin? Ana ɗura wa ƙanina jiƙo

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Ƙanina ya je saro kaya Guangzhou, ciwon ciki ya kayar da shi, mai sokawa har gadon baya, ga amai. Likitoci sun ce fankiriyas ɗinsa ne ya kumbura, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, tsakuwar maɗaciya ce sila. Ban da ƙarin ruwa, suna ɗura masa wani baƙin jiƙo ta robar hanci, sun kuma ɗaura masa jakar farin gishiri a ciki. Hankalin Hajiyarmu ya ƙi kwanciya. Don Allah wanda ya taɓa gani ya yi mana bayani.

Alhajin Xiaobei: Wa alaikumus salam, Allah ya tashi kafaɗarsa. Ni a jikina aka yi, sai dai nawa maiƙo ne ya yi yawa a jini. Cikina ya kumbura ya yi tauri, ba bayan gida, ko iska ba ta fita. Duk nas ɗin da ta shigo, tambayarta ɗaya ce: cikin ya motsa? Jiƙon akwai ɗaci da ƙauri, wani ta hanci, wani ta dubura. Gishirin nan mangxiao sunansa, yakan jiƙe ya daskare a cikin jakar, sai a sauya. Ranar da cikina ya saki, numfashina ya dawo daidai, daga nan suka fara ba ni ruwan abinci kaɗan-kaɗan. Ka faɗa wa Hajiya na tambaya kafin na yarda: nawa saiwoyi ne da ɓawon itace da gishiri, ba giya ba alade. Shi ma ya nemi a karanta masa abin da ke cikin nasa.

Ɗaliba a Chengdu: Yaya, likitanci nake karanta a nan, kuma asibitin West China na Jami'ar Sichuan ya daɗe da suna wajen haɗa wannan da maganin zamani. Hanji suke neman kiyayewa da jiƙon nan. Idan fankiriyas ya kumbura sosai, jini yakan ragu a hanji, hanjin ya tsaya cak, bangonsa ya yi rauni. To ƙwayoyin cutar da ke zaune a ciki sai su tsallaka, su shiga jini ko su faɗa wa sashen fankiriyas da ya mutu. Wannan ne kan kashe masu ciwon a makonnin da ke biyo bayan fara ciwon, shi ya sa ake gaggawar ta da hanjin.

Tushen jiƙon shi ne Dachengqi, daga littafin Shanghan Lun na Zhang Zhongjing, wajen shekara ta 200 miladiyya. Abu huɗu ne: saiwar dahuang, mangxiao, ɓawon houpo da ɗanyen 'ya'yan lemon zhishi. A nan Chengdu an ƙara masa wasu saiwoyi, ana kiransa Chaiqin Chengqi, wasu asibitocin kuma Qingyi suke bayarwa. Na ga waɗanda cikinsu ya saki da wuri, na ga waɗanda duk da jiƙon sai da aka kai su sashen kulawa ta musamman. Binciken da ke nuna amfaninsa yawanci a Sin aka yi, da yawa kuma kan mutane ƙalilan. A ganina taimako ne, ƙarin ruwa da maganin zafi da ciyarwa da wuri su ne ginshiƙi. Ku tambayi likitansa yaushe za a cire maɗaciyar, don in an bar ta da tsakuwa ciwon yakan dawo.

Maman 'yan biyu, Maraɗi: Baba ya yi irinsa a nan gida, ba jiƙon Sin, ya kuma warke alhamdulillah. Abin da ya ba mu mamaki, likita bai bar shi da yunwa ba, amai na tsayawa ya ce a fara ba shi kunu marar mai. To ni tambayata, tunda ta da hanji ake nema, filasko da jar kanwa ba za su yi ba?

Malamar jinya, Zariya: 'Yar uwa, don Allah a'a. Gaskiya ne filasko da dahuang suna da sinadarin sa zawo iri ɗaya, amma kanwa daban take da mangxiao. Mai wannan ciwon ruwan jikinsa ya riga ya tsiyaye cikin ciki, ƙodarsa na cikin haɗari. An taɓa kawo mana wani da aka yi ta ɗirka wa jiƙo a gida ana cewa basir ne, ya iso fitsari ya ɗauke. A can Sin ana auna jiƙon, ana duba jini da fitsari kullum, in zawo ya yi yawa a rage. Mai juna biyu kuwa ba a ba ta dahuang. Duk wanda ciwo ya kama a saman ciki yana sokawa baya, ga amai, a kai shi asibiti a ranar, a nemi gwajin jini na lipase ko amylase da hoton ciki.