Iska na bugun hular kwano a doguwar hanya: canza gilashin gaba ne maganin?

Malam Habu, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa mahaya. Babur ɗina Suzuki V-Strom 650 ne, da gilashinsa na kamfani. Ƙasa da gudun kilomita 80 a awa lafiya lau, amma da allura ta haura 100 a hanyar Zariya, sai iska ta kama bubbuga hular kwano, kai na kaɗawa, har rubutun allon hanya ya riƙa rawa a ido. Tsawona santimita 178. An ce in sayi dogon gilashi kawai. Wanda ya gwada wani abu ya taimaka da abin da ya gani.

Injiniya Bala, Kano

Wa'alaikumus salam. Malam Habu, riƙe kuɗinka tukuna. Iskar da ta taho miƙe, komai ƙarfinta, tura ka kawai take yi. Mai wahalar da kai ita ce wadda ta hau gilashi, ta ɓalle daga bakinsa na sama ta dagule, kamar yadda ruwan rafi ke juyi a bayan dutse. A bayan gilashin kuma iska ta yi ƙaranci, wannan gurbin shi ke zuƙo dagulalliyar ya watsa maka. In ta faɗo daidai hular, shi ne bugun da kake ji. Gilashin da ya ɗara naka da santimita biyar zai iya ɗauke ta daga haɓa ya kai ta goshi, abin ya ƙara muni.

Saboda haka fara gano inda take fitowa. Sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka kai gudun da abin ke farawa. Duƙa kamar santimita biyar. In ƙarar ta ɗauke ɗif, kaɗan ya rage iskar ta tsallake kanka, ƙarin tsawo zai yi amfani. In ba ta ɗauke ba, ɗaga jikinka kan matakan ƙafa har kanka ya haura da kamar santimita goma. In can ne ka ji shiru, gajeren gilashi ya fi dacewa da kai. Daga nan ka sa tafin hannun hagu ka tare gefen tanki, ka tare wajen madubi, ɗaya bayan ɗaya, hannun dama na kan totur. Sau da yawa da ka rufe gefen tanki bugun ke raguwa, wato iskar daga ƙasa take hawowa ta tsakanin tanki da ƙafafun gaba, ta shige ƙarƙashin haɓar hula. Wannan ko gilashin mota ka ɗaura ba zai hana ta ba, sai ƙananan fukafukan roba da ake ɗaurawa a gefe.

Alhaji Ɗanlami, Zariya

Gaskiyar Injiniya ce. Kuma gilashin V-Strom matsayi uku gare shi, da alanki ake sauya shi. Gwada ukun kafin komai, kowanne a hanya ɗaya da gudu ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya fi ba.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne buɗa wa iska ƙofa ta ƙasa. Ka jera wosha ko guntun bututun roba mai tauri, kaurin milimita 10 zuwa 15, tsakanin gilashin da ƙarfen da ke riƙe da shi. Iska ta samu ta bi ta bayan gilashin ta hau sama, ta cike gurbin nan da ake magana, sai juyin ya lafa. In ka sa a notunan ƙasa biyu kaɗai, gilashin zai kwanta ta wajenka. In na sama ne, zai ƙara miƙewa tsaye. In duka huɗun ne, rata kawai ka ƙara, kwanciyarsa ba ta canza ba. Fara da na ƙasa. Gilashin da ya cika tsayuwa shi ya fi dagula iska.

Abdul Mai Versys, Jos

Akwai ƙaramin leɓe da ake maƙalawa a bakin gilashi na sama. MRA na Jamus suna yin X-creen, Puig na Sifaniya su ma suna da nasu, Givi na Italiya kuma suna da Airflow, gilashi mai hawa biyu da ake zame na saman. Amfaninsa ratar da ke tsakanin biyun: iskar da ta bi ta ciki tana fita a daidaice ta ɗaga sauran sama. Kuskuren da ake yi shi ne a miƙar da leɓen tsaye don a kore iska da ƙarfi. Fara da shi daidai kwanciyar gilashin, kana karkata shi kaɗan-kaɗan. Bayan kilomita ɗari na farko ka sake ɗaure maƙalan, roba kan zauna su yi sako-sako.

Malam Nasiru, Sakkwato

Ni ban goyi bayan dogon gilashi a ƙasar nan ba. A watan Afrilu, in ya tare iska gaba ɗaya, zafin injin ne zai riƙa hawowa yana zama tsakaninka da shi, ramukan shan iska na hula da na riga kuma su daina aiki. Na biyu, dole idonka ya riƙa bi ta saman gilashi. In ka zauna yadda ka saba, bakinsa kada ya wuce daidai ƙarshen hancinka. Gilashin da buji ya rufe, fitilar tirela ta haske shi da dare, fari fat yake komawa, ba ka ganin rami ba ka ganin dabba. Gara iska ta bugi ƙirji, kai ya zauna cikin tsabtatacciya.

Injiniya Bala, Kano

Malam Nasiru, ga masu tsawo haka ne, domin da wuya su samu wanda zai tsallake da iskar. Amma mai santimita 178 yana tsakiya, leɓe ko rata na iya isar masa. Maganar hanci kam babu ja.

Isuhu, Maraɗi

Ku yi magana a kan ƙananan mashina ma, Boxer da Haojue da TVS, su ne a hannun yawancinmu. Nasu gilashin a kan sitiyari yake ɗaure, ba a jikin babur ba, duk iskar da ta buge shi a hannunka take ƙarewa. In tirela ta gifta a hanyar Damagaram, ko iskar gabas ta zo ta gefe, babban gilashi sai ya fizgi kan mashin. Shawarata kada ya wuce santimita 35 zuwa 40 daga saman fitila, a kwantar da shi daidai kwanciyar ƙafafun gaba, kuma a kama shi wuri huɗu. Mai kamu biyu a gindin madubi rawa yake yi har ƙarfen ya karye. Bayan ɗaurawa a juya kan mashin dama da hagu har ƙarshe, a tabbata bai taɓa tanki ba, bai danne wayar birki ko ta kuloci ba. A bar rata yatsa biyu a saman fitila. In ya sauko kanta, hasken na dawowa ido da dare. Injin 100 ko 125 kuma zai ji nauyin babban gilashi, gudu ya ragu, mai ya ƙaru.

Usta Garba Bakanike, Kano

Yawancin gilasan da ake kawo mana a fashe, wajen ɗauri aka kashe su. A babura da yawa notin, galibi M5, wato mai kaurin milimita 5, yana shiga wata roba ce mai ƙaramin noti na tagulla a cikinta. Kana ɗaurewa tana kumbura ta kama ramin. Da ka ji ta kama, ƙara rabin juyi ka tsaya. In ka matsa, ko robar ta yage ko gilashin ya tsage daga bakin rami. Kan noti kada ya taɓa gilashi kai tsaye, a sa woshar roba. A sa duka huɗun sako-sako tukuna, gilashin ya zauna, sannan a ɗaure a gicciye. Kada a ɗiga maganin hana noti kwancewa, yana cin robar da aka yi gilashin da ita, bayan kwana biyu ka ga ƙananan tsagu sun kewaye ramin.

Abin da muke kira gilashi roba ce iri biyu. Akirilik ya fi sheƙi, in ya karce ana goge shi, amma yana fashewa. Polikabonet lanƙwasawa yake yi bai cika fashewa ba, sai dai in babu rufin kariya yana saurin karcewa, rana kuma ta mayar da shi ruwan ɗorawa. Kauri milimita 4 ya fi. Dogon gilashi mai milimita 3 ko ƙasa kan yi rawa a gudu, rawar kanta na ƙara bugun.

In yankewa za ka yi, rufe wurin da salatif na takarda ciki da waje, ka zana layin da kwali don ɓangarorin biyu su zo daidai. Zarto mai ƙananan haƙora, a hankali, in ka yi sauri robar ta narke ta kama shi. Santimita biyu kawai a lokaci guda, ka hau ka gwada. Goge bakin da samfefa mai lamba 120, sai 240, sai 600 da ruwa. In huda rami ne, ya fi notin faɗi da milimita ɗaya ko biyu, domin roba na buɗewa a rana, a sa katako a ƙasa. Tsagun da ya fara tafiya kuwa, huda ramin milimita 3 a ƙarshensa ya tsayar da shi.

Malam Nasiru, Sakkwato

Da hunturu kada a goge shi a bushe, ƙurar nan samfefa ce. A kwarara ruwa, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma mai laushi minti biyar, a wanke da sabulun wanke kwanuka. Fetur da tina da maganin goge gilashin taga duk suna dusar da shi.

Abdul Mai Versys, Jos

A duba hular ma. Mai baki irin na hana-salla, iskar gilashi na kama bakin ta riƙa girgiza kai. Cire shi ka gwada. A doguwar hanya kuma a sa abin toshe kunne, ƙarar iska a gudu 100 ta isa ta rage ji in ana daɗewa cikinta.

Malam Habu, Kaduna

Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin, da na duƙa kaɗan ƙarar ta ɗauke, tare gefen tanki bai canza komai ba. Zan fara da ratar milimita 10 a ƙasa. Usta, notunan kamfani za su isa?

Usta Garba Bakanike, Kano

Ba za su isa ba, Malam. Cire ɗaya ka je da shi kasuwa, ka nemi mai kaurinsa da ya fi shi tsawo da milimita 10, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kafin ka ɗaure, leƙa bayan ramin ka tabbata ƙarshen notin ba zai taɓa waya ko bayan mita ba.