Neman shawara: gorar ruwa da kofin girki da za su jure zaman fadama

Manomin rani, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawararku a kan wani abu da wasu za su ga ƙarami ne, amma ni ya hana ni sukuni tun watan jiya.

Ina noman shinkafa na rani a fadamar da ke wajen Argungu. Gonar ta mahaifinmu ce, Allah ya ji ƙansa. Na karɓi kula da ita a 2015, shekarar da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi a nan Birnin Kebbi, kuma bayan ambaliyar 2020 da ta cinye mana amfanin damina gaba ɗaya sai na mayar da ƙarfina ga noman rani. Yayyena biyu ma'aikata ne, ba su da lokacin gona, don haka ni ne nake hawa babur in je in kwana biyu ko uku a bukka kusa da injin ban-ruwa, domin idan aka bar injin babu kowa ana iya wayar gari a tarar da wurinsa kawai.

A watan Maris na ɗaura gorar roba a bayan babur, irin wadda ake sayar da lemo a ciki, ta suɓuce a hanya ta tsage, ban ankara ba sai da na isa na tarar da ruwan bai kai rabin kofi ba. Rana ta take, ƙishirwa ta ci ƙarfina, na sha daga bakin tiyon injin. Kwana tara na yi a kwance da gudawa da zazzaɓi, a daidai lokacin da shinkafar take fitar da kai, yaron da na wakilta kuma bai ba ta ruwa yadda ya kamata ba. Har yau idan na dubi gefen gonar da ya ƙone sai raina ya ɓaci.

Da na warke na sayi fulas na ƙarfe mai cin lita 1, wanda yake riƙe ƙanƙara tun safe har la'asar. Kofin da nake dafa shayi da taliya a ciki kuwa, mariƙinsa ya cire a kan wuta makon da ya wuce, ruwan zafi ya zube mini a ƙafa. Tambayata ita ce: wace gora da wane kofi ne za su jure wannan zirga-zirga? Kuma idan ruwana ya ƙare, zan iya ɗebo na gulbi in ɗora fulas ɗin a kan garwashi in tafasa?

Tsohon soja, Zuru:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ƙara lafiya. Kafin komai, kada ka kuskura ka ɗora wannan fulas a kan wuta. Bango biyu ne da shi, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, kuma wannan sararin ne yake hana zafi shiga har ƙanƙararka take daɗewa. Abin da ya hana zafin rana shiga shi zai hana zafin garwashi shiga. Bangon waje zai ƙone, likin da ke gindinsa ya lalace, ruwan bai tafasa ba, kuma yana iya fashe maka. Kana son abu ɗaya ya riƙe sanyi kuma ya hau wuta, taura biyu kuwa ba ta taunuwa.

Maganin matsalarka tuni sojoji suka gama shi. Ka nemi gorar soja, mai ɗan lanƙwasa a gefe ɗaya don ta kwanta a ƙugu, tana cin kusan lita 1, kuma gindinta yana zama daram cikin kofinta na ƙarfe mai mariƙin da ake naɗewa. A kofin za ka dafa shayi, ka dafa taliya, ka tafasa ruwa. Rigar gorar kuma idan ka jiƙa ta ka rataye inda iska ke kaɗawa, ruwan zai yi sanyi. Da irinta na je Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, na dawo, kuma tana nan a ɗakina. Duk abin da za a faɗa maka bayan wannan ƙari ne kawai.

Manomin rani:
Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Na ji batun wuta, ba zan ɗora ba. Sai dai fulas ɗin ba zan ajiye shi ba, domin wanda bai yini a fadama cikin watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba zai san darajar kurɓin ruwan sanyi ba. Kuma kuɗin da na kashe a kansa ba kaɗan ba ne.

Mai shagon kayan kicin, Jega:
Da girmamawa ga Baba, gorar da ya je Laberiya da ita ba ita ce a kasuwa yau ba. Yawancin waɗanda ake kawo mana kwaikwayo ne, alminiyam ne marar kauri, faɗuwa ɗaya daga babur zai lotse, bakin murfin ya karkace, ta fara yoyo. Malam, ka nemi gora ta ƙarfen da ba ya tsatsa mai bango ɗaya, wadda ba a shafa mata fenti ba, ka juya gindinta ka duba ko an rubuta 304 ko 18/8. Ma'anar 18/8 ita ce kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel a cikin haɗin ƙarfen, su ne suke hana tsatsa. Akwai mai lamba 201, ta fi araha, amma tana saurin yin ɗigo-ɗigon tsatsa a wurin da aka yi walda. Ka tafi da maganaɗisu, mai kyau ba ya kama ta.

Abin da yake damuna shi ne mutanenmu ba sa son jin wannan bayani. Na taɓa saro masu kyau katan biyu, suka shekara a shago suna shan ƙura, kowa ya taya sai ya ce maƙwabcina yana sayar da irinta rabin kuɗi. Bayan wata biyu kuma a dawo ana cewa 'yan kasuwa ba su da amana. Araha ba ta ado, amma an bar mu da asara.

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Malam, sannu da jiki. Ni a ganina ba gora ce ta kwantar da kai ba, ƙarancin ruwan da ka ɗauka ne. Lita 1 ba za ta kai mai aikin gona ko azahar ba a wannan zafi, balle kwana uku, kuma ba ka gaya mana a ina kake samun sauran ruwan da kake sha ba. Ko gorar zinariya ka saya, ranar da ta ƙare za ka koma bakin tiyo. Idan dole ta sa ka ɗebi na gulbi, ka bari ya kwanta, ka tace da tsumma mai tsabta, ka tafasa shi ya yi ta ɓararraka na aƙalla minti 1. In babu wuta akwai ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs, ana jefawa a jira minti 30. Waɗanda suka yi aikin asibiti lokacin amai da gudawa na 2021 ba sa wasa da wannan magana.

Amma ka sani tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire maganin feshi ko dalma. Sau da yawa ina ganin manoma sun wanke jarkar maganin ciyawa sun mayar da ita ta ruwan sha, in yi magana a ce ai an wanke da omo. Batun kofi kuma, ina roƙonka ka guji na zubi, wanda ake narka tarkacen alminiyam a ƙera, domin ba ka san abin da aka haɗa a ciki ba, kuma ana samun dalma a irinsu. Mu a Zamfara mun ga abin da dalma ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu. Wancan daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ya fito, ba daga tukunya ba, amma tun daga lokacin ba na sakaci da duk abin da zai kai ta cikin mutum. Kada kuma ka bar zoɓo ko kunun tsamiya ya kwana a alminiyam, tsami yana cin sa.

Manomin rani:
Hajiya, na gode, amma ban taɓa sha a jarkar magani ba, kuma ba sakaci ne ya sa na ɗauki gora ɗaya ba. Babur ɗin yana ɗauke da galan na man inji, da buhun taki, da abincina, a kan hanya mai yashi. Kowace lita kilo guda ce. Sannan ruwan da aka tafasa da rana tsaka, sai yaushe zai huce har a sha?

Tsohon soja:
Shi ya sa ake tafasawa da dare, ɗana, a juye a gora ya kwana yana hucewa. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Mai shago kuma, gwajin maganaɗisunka ba hujja ba ne, domin ita ma 201 ɗin da kake kushewa sau da yawa ba ya kama ta, kuma lamba kowa yana iya bugawa a gindin gora. Ta soja ta asali tana nan wurin 'yan gwanjo ga wanda ya san abin da yake nema. A ɗaga a ji nauyinta a hannu, a matsa gefenta da babban yatsa.

Direba, Kamba:
Baba, a yi mini afuwa, akwai abin da ba a ambata ba. An hana farar hula amfani da kayan da ke da zanen kakin soja, kuma hanyoyinmu cike suke da shingayen bincike. Mutum a kan babur da galan na mai da gora mai rigar soja, ya nufi daji, tambayoyin da zai sha ba kaɗan ba ne. Ni saboda wata jaka mai irin wannan zane na taɓa yin awa biyu a tsaye a rana, fasinjojina suna jira. In zai saya, ya cire rigar ya sa tela ya ɗinka masa wata.

Dattijo, Bunza:
Ni mamaki nake yadda duk aka manta da gyanɗama da salka. Makiyaya sun ratsa dazuzzukan nan da su tun kafin a san fulas, kuma salka tana sanyaya ruwa da kanta saboda tsattsafowar da take yi. In ana ganin sun tsufa, a sami jarka sabuwa mai lita 5, a naɗe ta da buhun algarara a ɗinke, a riƙa jiƙawa ana ratayewa a inuwar bukka. Haka nake yi shekara da shekaru. 'Ya'yana sun sayo mini fulas har sau biyu, duka robar cikin murfin ce ta fara lalacewa, na zaga kasuwa ban sami wadda zan canza ba, suna nan a ƙarƙashin gado.

Ɗalibi, Aliero:
Ina neman izinin iyayena in ƙara kaɗan. Ba kowace roba ce irin ta lemo ba. Akwai gora mai kauri irin Nalgene, lita 1, mai faɗin baki, tana jure faɗuwa kuma ana iya wanke cikinta sosai. Ana yin kofin ƙarfe mai cin mililita 750 wanda take shigewa cikinsa, don haka ba su cin wuri. Akwai na titaniyam, ya fi rashin nauyi, amma yana da tsada kuma yana ƙona abinci a gindi saboda zafi ba ya bazuwa a jikinsa. Ga mai dafa taliya a kan itace, ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi.

Tsohon soja:
Yaro, a wace kasuwa ta Kebbi ka ga wannan gora? Mutum yana neman abin da zai tafi da shi gona jibi. Roba kuma ba ta hawa wuta, ranar da kofin ya ɓace shi ke nan.

Manomin rani:
Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa. Fulas dai zan ci gaba da tafiya da shi. Jarkar da Baba na Bunza ya ambata zan duba ko za ta sami wuri a babur, kodayake ina shakka. Gorar soja kuma maganar direba ta sa jikina ya yi sanyi. Amma har yanzu ba a amsa mini abin da ya ƙona mini ƙafa ba: wane mariƙin kofi ne ya fi ƙarko a kan wuta, wanda aka yi wa walda, ko wanda aka ɗaure da ƙusa, ko na waya mai naɗewa? Nawa na walda ne, ɗigo biyu kacal, kuma daga nan ya rabu. Ranar Alhamis zan koma fadama in Allah ya yarda.

Mai shagon kayan kicin:
Malam, nawa ka ware wa kofin? Kuma a kan duwatsun murhu kake ɗorawa ko a kan kurfoti? Sai na san waɗannan zan iya ce maka wani abu.